David Blackwell da Lissafin Jira: Abin da Ɗalibin Ƙididdiga a Legas Zai Ɗauka Daga Aikinsa

Duk wanda ya saba jiran mota da sassafe a Mile 12 ko Oshodi ya san wani abu da hankali ba ya saurin karɓa. Za a ce maka motoci na zuwa duk minti goma. Kai kuma ka ce to ai jiranka bai kamata ya wuce minti biyar ba, tunda wani lokacin za ka iso mota na gab da zuwa, wani lokacin kuma ta tashi ke nan. Amma kullum sai jiran ya zarce haka. Ba ƙarya aka yi maka ba, ba kuma rashin sa'a ke bin ka ba. Akwai reshen ilimin ƙididdiga da ke bayanin wannan dalla-dalla, wato nazarin abubuwan da ke sauyawa da tafiyar lokaci ba tare da an san takamaiman abin da zai biyo baya ba. Masana na ce masa sitokastik. Zuwan motoci, zuwa da ɗaukewar wutar lantarki, hawa da saukar farashi, lalacewar kayan gyara, duk suna ƙarƙashinsa. Cikin waɗanda suka kafa ginshiƙan wannan fanni akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, David Blackwell, wanda nake ganin ya kamata kowane ɗalibin lissafi daga Agege zuwa Alaba Rago ya san tarihinsa, ya kuma san ainihin abin da ya gano, ba sunansa kaɗai ba.

An haifi Blackwell a ranar 24 ga Afrilun 1919 a garin Centralia na jihar Illinois. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya shiga Jami'ar Illinois yana ɗan shekara 16 da niyyar zama malamin firamare, amma lissafi ya ja shi. Ya gama digirin farko a 1938, na biyu a 1939, ya kammala digirin digirgir a 1941 yana da shekara 22. Wanda ya duba masa aiki shi ne Joseph Doob, ɗaya daga cikin manyan malaman lissafin yiwuwa na ƙarnin da ya wuce, kuma Blackwell ya rubuta kundinsa ne a kan sarƙar Markof.

Sarƙar Markof ita ce ƙofar shiga fannin gaba ɗaya, don haka a nan ya kamata a zauna sosai. Andrey Markof, malamin lissafi na birnin St Petersburg a Rasha, ya fito da ita a 1906. A 1913 ya gwada ta da hannu, ya bi haruffa 20,000 na wata doguwar waƙar Rashanci yana ƙirga sau nawa wasali ke bin baƙi, sau nawa baƙi ke bin wasali. Sharaɗinta guda ne: abin da zai faru nan gaba ya dogara ne da halin da ake ciki yanzu kawai, ba da hanyar da aka bi aka iso ba.

A ɗauki mai shagon ƙanƙara a Agege da ke son sanin man dizal nawa zai tanada a wata. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa sai ya auna na unguwarsa. Hali biyu ne, akwai wuta ko babu. A ce idan akwai wuta a wannan awa, yiwuwar ta ci gaba a awa mai zuwa 0.8 ce, ta ɗauke 0.2. Idan babu, yiwuwar ta dawo 0.3 ce, ta ci gaba da rashi 0.7. Yanzu akwai wuta. Bayan awa ɗaya yiwuwar samunta 0.8. Bayan awa biyu hanya biyu ce: ta zauna ta sake zama, 0.8 sau 0.8, ko ta ɗauke ta dawo, 0.2 sau 0.3, jimla 0.70. Bayan awa uku 0.65, huɗu 0.625, biyar 0.6125. Ka ga lambar na gangarawa zuwa 0.6, kuma a kowace awa rabin tazarar da ta rage ne ke gushewa. Ko da babu wuta aka fara, a 0.6 ɗin nan za a ƙare. Ana samun ta kai tsaye idan aka raba 0.3 da jimlar 0.2 da 0.3. Ke nan a tsawon lokaci awa 14.4 cikin 24 akwai wuta, awa 9.6 babu. Idan janaretan na shan lita biyu a awa, lita 19.2 ke nan a rana, 576 a kwana talatin. Sarƙar tana kuma faɗin tsawon kowane zama: wuta na ɗaukar matsakaicin awa biyar kafin ta ɗauke, wato 1 a raba da 0.2, rashinta kuma awa uku da sulusi.

Su waɗannan lambobi 0.2 da 0.3, daga ina za a samo su? Littafi za a buɗe. Kowace awa a kan kai a rubuta 1 idan akwai wuta, 0 idan babu, har kwana talatin, layi 720 ke nan. Sai a ƙirga awannin da ke da 1, a ƙirga nawa daga cikinsu 0 ya biyo baya, a raba. Idan aka samu awa 430 masu wuta, kuskuren ƙiyasin 0.2 zai kai kusan 0.02, don haka in aka ba da ninki biyu na wannan kuskure ta kowane gefe, da wuya gaskiyar ta fita daga tsakanin 0.16 da 0.24. Wanda ya yi gajen haƙuri ya tsaya a mako guda, da awa ɗari masu wuta, tazararsa za ta ninka, daga 0.12 zuwa 0.28, kuma wannan bai isa a ɗora kasafin mai a kansa ba.

Inda aikin ke lalacewa ya fi lissafin kansa muhimmanci. Na farko, sarƙar ta ɗauka cewa dare da rana ɗaya ne, alhali a unguwanni da yawa akwai lokutan da aka saba kawowa da lokutan da aka saba ɗaukewa. Maganinsa a raba littafin, a fitar da lambobin rana daban, na dare daban. Na biyu shi ne ya fi cutarwa. Sarƙar ta ce yiwuwar rashin wuta ya ƙara awa takwas a jere ita ce 0.7 sau kanta har takwas, ƙasa da kashi 6 cikin ɗari. Amma ranar da taransifoma ta ƙone, kwanaki za a yi, kuma wanda ya riga ya yi awa ashirin a duhu ba daidai yake da wanda aka ɗauke wa minti talatin da suka wuce ba. Wato abin yana da tunawa, sharaɗin Markof ya karye. Ba jefar da sarƙar za a yi ba, hali na uku za a ƙara mata, a raba rashin wuta na yau da kullum da rashin wuta na lalacewar kaya, kowanne da yiwuwar dawowarsa. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan: a ware awannin da 0 ya bi 0, a ware waɗanda 0 ya bi 1, a duba ko yiwuwar dawowar wuta ɗaya ce a rukunin biyu. In ta bambanta sosai, hali biyu bai wadatar ba. Na uku, mai rubutu na barci, sai a cike awannin dare da zato da safe. Gara a bar gurbin a buɗe, a cire shi daga ƙirga, da a cike shi da abin da ba a gani ba.

Da digirin digirgir a hannu, Blackwell ya samu shekara guda a cibiyar zurfafa bincike da ke Princeton, daga 1941 zuwa 1942. Ko a can launin fatarsa ya jawo ce-ce-ku-ce, domin al'ada ce baƙin cibiyar su samu matsayin baƙi a jami'ar garin, shugaban jami'ar kuma bai so hakan ba. Jerzy Neyman, babban masanin ƙididdiga a Berkeley ta Kalifoniya, ya gana da shi a 1942 yana son ɗaukarsa, wariyar launin fata ta hana. Blackwell kuwa ya riga ya san zamanin da yake ciki, ya rubuta takardun neman aiki zuwa kwalejojin baƙaƙen fata fiye da ɗari. Ya koyar a Jami'ar Southern da ke Louisiana, ya koma Kwalejin Clark a Atlanta, sannan a 1944 ya samu gurbi a Jami'ar Howard da ke Washington, inda ya yi shekara goma, ya kuma shugabanci sashen lissafi daga 1947.

Shekarun Howard su ne suka fi kama da halin lakcaran Najeriya: azuzuwa da yawa, aikin ofis a kai, ga ƙarancin abokan tattaunawa a fanninsa. Duk da haka a nan ya fitar da ayyukan da har yau ake kiran sunansa da su. Shigarsa ƙididdiga ma ta wata hanya ce da ɗalibai ya kamata su lura da ita. A 1945 ya halarci wata lacca da Abraham Girshick ya gabatar a Washington kan gwajin da ake yi daki-daki, ana duba sakamako kafin a yanke ko za a ci gaba da ɗaukar samfuri. Blackwell ya ga kamar wata ƙa'ida da aka ambata ba daidai ba ce, ya zauna ya haɗa misalin da yake ganin ya karya ta, ya aika wa Girshick. Misalin nasa ne ke da kuskure. Amma Girshick ya gayyace shi suka zauna, daga nan suka ƙulla aikin haɗin gwiwa na shekaru, har suka wallafa littafi tare a 1954 kan lissafin wasanni da yanke shawara.

A 1947 ya buga takardar da ta haifi ƙa'idar Rao da Blackwell. C. R. Rao na Indiya ya riga ya kai ga sakamakon a 1945, kowannensu a nasa ɓangaren, shi ya sa ake haɗa sunayensu. Abin da take cewa shi ne, idan kana da ƙiyasi wanda bai karkata ba, wato in za a yi ta maimaita shi matsakaicinsa kan gaskiya zai faɗa, amma yana da tsalle-tsalle daga gwaji zuwa gwaji, kuma kana da lamba ɗaya da ta tattara duk abin da bayananka ke ɗauke da shi, to ka ɗauki matsakaicin ƙiyasin naka bisa sharaɗin wannan lamba. Sabon ƙiyasin ba zai karkata ba, kuma tsallensa ba zai taɓa fin na farko ba.

Misali zai fi fito da shi. A ce ana ƙirga motocin kayan gwari da ke shigowa kasuwar Mile 12 daga Arewa, ana so a san yiwuwar a yi awa guda cur babu wadda ta shigo. An ƙirga awa goma, motoci 20 suka shigo. Ƙiyasi na ɗanye shi ne a dubi awar farko kawai, in babu mota a ce 1, in akwai a ce 0. Bai karkata ba, amma ba shi da amfani. Idan zuwan motocin na bin tsarin Poisson, wato kowace na zuwa ba ruwanta da 'yar'uwarta, jimlar 20 ɗin nan ta ƙunshi duk bayanin. Tambayar sai ta koma: tunda 20 suka zo cikin awa goma, mece ce yiwuwar babu ko ɗaya da ta faɗo a awar farko? Kowace mota na da yiwuwar 0.9 ta faɗa a sauran awanni tara, don haka amsar 0.9 ce sau kanta har ashirin, wato kusan 0.122. Daga ƙiyasin da bai san komai ba sai 0 da 1, an samu lamba mai ma'ana ba tare da an ƙara ƙirga mota ko ɗaya ba. Sai dai duk wanda ya san kasuwar ya san direbobi kan taho a ayari, kuma dare da asuba ba ɗaya suke da tsakar rana ba. Kafin a yarda da Poisson, a gwada: a tsarinsa matsakaicin ƙirgar kowace awa da warwatsuwarta daidai suke (warwatsuwa ita ce a ɗauki nisan kowace ƙirga daga matsakaici, a ninka shi da kansa, sannan a fitar da matsakaicin waɗannan). Idan matsakaici 2 ne amma warwatsuwa ta kai 6, motocin a dunƙule suke zuwa, kuma awannin da babu mota za su fi 0.122 nesa ba kusa ba.

Shekara guda bayan haka, a 1948, ya tabbatar da ƙa'idar sabuntawa da ake kira da sunansa, kuma a ganina ita ce mafi kyawun aikinsa a wannan fanni. Ana maganar abin da ke ƙarewa a maye gurbinsa, ya sake ƙarewa a sake mayewa, kowanne da tsawon ransa da ba a sani ba tun farko. Ƙa'idar ta ce idan tafiya ta yi nisa, adadin sauyin da ake sa ran gani a kowane yanki na lokaci shi ne tsawon yankin a raba da matsakaicin rai, ko da yaya aka fara. A ce ƙungiya na da Keke Marwa 200, batirin kowanne na yin matsakaicin wata 20. A ƙarshe za a riƙa sauya batir goma a wata. Mutum zai ce ai wannan a fili yake. Ba a fili yake ba, domin kalmar "a ƙarshe" ita ce ke ɗauke da nauyin. Idan rana ɗaya aka sayo kekunan sababbi, shekarar farko kusan babu batirin da zai mutu, ma'aji ya saki jiki. Wajen wata na 18 zuwa 22 sai su riƙa mutuwa rututu, a nemi kuɗi a rasa. Wajen wata na 40 wani tudun ya sake tasowa, amma ya fi na farko faɗi da gajarta, domin batiran zagaye na biyu ba rana ɗaya aka sa su ba. Abin da Blackwell ya tabbatar shi ne cewa tudun nan na ci gaba da bajewa har ya kwanta a goma a wata. Ya kuma fayyace inda ƙa'idar ba ta aiki yadda take: idan tsawon rai kullum ninkin wata tsayayyar lamba ne, kamar a ce ana sauya kaya duk wata shida daidai ko sun lalace ko ba su lalace ba, tudun ba zai taɓa bajewa ba.

Daga wannan reshe ne amsar jiran mota ke fitowa. Idan motoci na zuwa duk minti goma daidai, jira minti biyar ne. To a ce cunkoso ya sa suna zuwa bibbiyu, tazara ɗaya minti 2, mai bi mata minti 18. Matsakaici har yanzu goma ne, mai lura da tasha bai yi ƙarya ba. Amma cikin kowane minti 20, 18 na cikin doguwar tazara, don haka sau tara cikin goma a cikinta fasinja zai iso, ya jira matsakaicin minti 9. Sau ɗaya cikin goma ne zai dace da gajeriyar, ya jira minti 1. A haɗa, minti 8.2. Idan zuwan motocin ba shi da tsari kwata-kwata, irin na Poisson, jiran minti goma ne cif, ninkin abin da aka zata. Wannan na nuna cewa mai tafiyar da layin bas, irin na BRT da aka fara tsakanin Mile 12 da CMS a 2008, zai iya rage jiran jama'a daga minti 8.2 zuwa 5 ba tare da ya sayi mota ko ɗaya ba, in har ya iya daidaita tazarar tashinsu. Akwai kuma tarko ga mai bincike a nan. Idan fasinjoji ka tambaya tsawon tazarar da suka tarar, amsarsu za ta fi gaskiyar tazarar motoci tsawo, domin mafi yawansu a doguwar suka faɗo. Motocin za ka ƙirga da agogo a hannu, ba bakin mutane ba.

A tsakanin 1948 da 1950 Blackwell ya riƙa yin aiki lokacin hutun bazara a cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka, inda hankalinsa ya koma kan yanke shawara a jere. A 1949 shi da Girshick da masanin tattalin arziki Kenneth Arrow suka buga aiki kan lokacin da ya dace a daina jira a yanke hukunci, ta hanyar fara lissafi daga ƙarshe a dawo baya. Masanin lissafi Richard Bellman ne ya shahara da wannan dabara a shekarun 1950, amma takardun Blackwell na 1962 da 1965 ne suka ɗora ta kan tabbatacciyar hujja, musamman ga shawarar da ake maimaitawa ba iyaka. Dillalin tumatir zai gane ta nan take. A ce kwando zai iya kwana uku, kowace rana tayin da za a yi na iya zama naira 20,000 ko 30,000 ko 40,000, yiwuwarsu ɗaya, kuma kowane kwana yana cin 3,000 na lalacewa. Daga rana ta uku ake farawa: dole a sayar, abin da ake sa rai 30,000. A rana ta biyu darajar jira 27,000 ce, don haka a karɓi 30,000 ko 40,000, a ƙi 20,000, darajar ranar ta zama 32,333. A rana ta farko darajar jira 29,333 ce, har yanzu 30,000 ta fi ta, a sallama. Amma a lokacin sanyi, in lalacewar ta sauka zuwa 1,000 a kwana, darajar jira a ranar farko za ta hau 32,000, sai ya zama daidai ne a ƙi tayin 30,000 yau, a karɓe shi gobe. Tayi ɗaya, kaya ɗaya, hukunci biyu, kuma lissafin ya faɗi daidai inda iyakar take. Rauninsa shi ne ya ɗauka farashin yau ba ruwansa da na jiya. Ranar da motoci suka cika kasuwa, gobe ma farashin a ƙasa zai kwana, don haka sai an sa farashin kansa cikin sarƙar Markof kafin amsar ta zama abin dogaro.

A 1954 Neyman ya samu abin da ya nema shekara goma sha biyu da suka wuce, Blackwell ya koma Berkeley. Ya zama cikakken farfesa a sabon sashen ƙididdiga a 1955, baƙar fata na farko da ya samu kujerar dindindin a jami'ar, ya shugabanci sashen daga 1957 zuwa 1961. A 1965 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin majalisar masana kimiyya ta ƙasar Amurka. Ya yaye ɗaliban digirin digirgir fiye da 50, ya yi ritaya a 1988, ya rasu a ranar 8 ga Yulin 2010. A 2024 kamfanin Nvidia ya sa wa sabon tsarin na'urorinsa na ƙirƙirarriyar basira sunan Blackwell. Abin da ya fi burge ni a takardunsa shi ne gajartarsu. Da yawa shafuka kaɗan ne, tambaya ɗaya, hujja ɗaya mai tsabta.

To ɗan'uwa da ke karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko ta jihar da ke Ojo, ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, ta ina zai kama? Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsallake tushe a ruga wa manhaja. Wanda bai ƙware a kalkulas da aljabarar jadawali ba, sarƙar Markof mai hali goma za ta gagare shi, domin duk lissafinta ninka jadawali ne. Wanda kuma bai zauna da nazarin iyaka da haɗuwar jerin lambobi ba, sannan nazarin ma'auni wanda masanin Rasha Kolmogorof ya ɗora lissafin yiwuwa a kansa a 1933, zai iya haddace ƙa'idoji amma ba zai iya tabbatar da sabuwa ba, kuma digirin digirgir a wannan fanni sabuwar hujja ake nema. Bayan tushe sai kwamfuta, harshen rubuta mata umarni na R ko Python, duka kyauta ne. Shawarata ita ce kada a amince da wata amsa sai an kwaikwaye ta. A sa kwamfuta ta jefa tazarar motoci dubu ɗari, 2 da 18, ta jefa fasinjoji a lokuta barkatai, a ga ko 8.2 za ta fito. Layi goma na rubutu ya isa, kuma yana kama kurakuran da ido ba ya gani a takarda.

Matakan aikin jami'a a nan sanannu ne: mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. A yawancin jami'o'i ba a kai babban lakcara sai da digirin digirgir, matakai biyu na sama kuma sai an aika wallafe-wallafen mutum ga masu tantancewa na waje. Wannan matsin ne ke tura matasa ga mujallun biya-a-buga, waɗanda ke karɓar takarda cikin mako guda ba wanda ya karanta ta. Takarda ashirin irin waɗannan ba su kai guda ɗaya da masu sanin abin suka tsefe suka dawo da ita da gyara ba. Asusun TETFund na tallafa wa malaman manyan makarantun gwamnati wajen ƙaro karatu da bincike. Akwai kuma cibiyar AIMS da aka fara a Cape Town a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ba da digiri na biyu a lissafi da cikakken tallafi. Wajen zaɓen mai duba aiki, a karanta takardunsa uku na baya-bayan nan kafin a je ofishinsa, a kuma tambayi ɗalibansa sau nawa yake zama da su.

Batun bincike kuwa, Legas ba ta da ƙarancinsa, kuma 'yan Arewa da ke cikin harkar sufuri da kayan gwari da dabbobi suna da kafar samun bayanan da baƙo ba zai samu ba. A ɗauki layin manyan motoci na tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda aka shigo da tsarin kira na intanet mai suna Eto a 2021. Ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961 ta ce adadin da ke kan layi daidai yake da yawan masu zuwa a rana sau kwanakin da kowanne ke yi. In motoci 600 ke zuwa kullum, kowace na kwana uku, 1,800 ne a ƙasa a kowane lokaci. A layi mafi sauƙi mai ƙofa ɗaya, idan masu zuwa sun kai kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙofar ke iya sallama, matsakaicin waɗanda ke ciki tara ne. A kashi 95 sai ya zama 19. Ƙarin kashi biyar ya ninka layin har da ɗoriya, shi ya sa ɗan tsaiko a bakin ƙofa ke toshe titi mai nisa.

Wanda zai auna irin wannan layi ya rubuta lambar kowace mota da lokacin isowarta da lokacin shigarta, da agogo ɗaya, ba na waya daban-daban ba. Ranar da zai rufe littafi, wasu motocin na nan ba su shiga ba. Abin da ɗalibai suka saba yi shi ne su cire su tunda ba a san lokacin shigarsu ba, alhali su ne mafi daɗewa, kuma cire su na sa matsakaicin jira ya fito ƙasa da gaskiya. A bar su a ciki, a rubuta cewa wannan ta yi aƙalla kwana kaza, a yi amfani da hanyar Kaplan da Meier ta 1958, wadda ke ƙirga kowace mota cikin masu jira har zuwa ranar ƙarshe da aka gan ta a layi.